Mun Je Galmi Sayen Iri

Kawuna ne ya ja ni wannan tafiya. Yana da 'yar fadama da ya gada a gabashin Katsina, kuma shekara biyu a jere yana sayen irin albasa a kasuwa ana rantse masa da Allah cewa ɗan Galmi ne, ta Jamhuriyar Nijar. In ya dasa, sai rabin fangalin ya fito fari fat, wasu kuma su fitar da kara su yi fure tun ba su yi kai ba. A ta uku ya ce ya gaji da sayen rantsuwa, zuwa da kai ya fi aike. Ni kuma ina hutun makaranta, ga shi a gidanmu ni ake yi wa kallon mai jin Faransanci saboda 'yan gaisuwar da na haddace a sakandare. Aka ce in raka shi. Faransancin nan har muka je muka dawo sau ɗaya na taɓa shi, wajen karanta wani allo a bakin hanya, shi ma wani yaro mai tallar ruwa ne ya gyara mini.

Ƙarshen watan Maris ne, bazara ta kankama. Sai da rana ta fito sosai muka bar tasha, don hanyar Jibiya a 'yan shekarun nan ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata dare. A Magama muka canji kuɗi, nan kuwa Kawu ya fara rikicewa. Mutanen can da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In an ce maka dala ashirin, ɗari ake nufi. Dala ɗari biyu ita ce jaka guda. Ya juya takardun nan ya sake juyawa, sai ya danƙa mini su duka ya ce, "Malam, riƙe. Yau dai bokon naka zai yi rana."

A Maraɗi muka sauka gidan wani tsohon abokin cinikinsa. Mai gidan ya ce tunda noman rani ne ya fito da mu, kada mu wuce yamma ba mu leƙa Jiratawa ba, nan kudu da gari kaɗan. Muka hau kabu-kabu, wato acaɓarsu. Hanya duk rairayi da busasshen karan gero, iska na kwasar ƙura tana watsa mana a ido, sai kawai muka faɗa cikin kore shar. Zogale ne, layi-layi kamar dawa, ana sare shi daidai ƙugu don ya yi ta tofo. A wurinmu zogale ɗan jikin danga ne, sai uwar gida ta so kwaɗo take tunawa da shi. Nan gona ce sukutum, mata na tsiga suna cika buhunan da za a kai Maraɗi, wasu har Yamai.

Gwamnati ce ta shirya filin tun farkon shekarun 1980, ƙarƙashin hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 don kula da manyan filayen ban ruwa. Ruwan daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, famfunan lantarki su ɗago shi, ya bi magudanar siminti gona-gona. Kowa da ɗan yankinsa da ranar da ruwa ke zuwa masa, in an yi girbi kuma ya biya ƙungiya kuɗin ruwa. Abin gwanin sha'awa a ido. Sai dai kaso mai yawa na wutar yankin daga Najeriya yake zuwa, kuma babu wanda ya manta yadda aka yanke ta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Rani guda cur ke nan. Manya na faɗa tsakanin Abuja da Yamai, mai zogale na zaune bakin magudana yana jiran ƙarar famfo.

Wani dattijo muka tarar yana toshe bakin magudana da laka. Da ya ji daga Katsina muke sai ya miƙe yana dariya.

"Ashe ku ne kuka riƙe muna gulbi!"

Kawu ya ce, "Haba Baba, mu da ko ruwan famfo ba mu gani?"

Ya ce, "To ku gaya wa na Jibiya. Kuma ku sani mu ma Katsinawa ne, mu ne ma na asali, ku kuka tsaya gadin gida."

Wasa yake yi, amma maganar da gaskiyarta. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, mu muna ce masa Gada. A Jibiya aka datse shi, abin da ya tsallake shi ke shiga Nijar, ya yi baka, ya sake dawowa Najeriya ya faɗa Rima. Har yarjejeniya ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, wannan na ciki. Dattijon ya ce suna yara gulbi kan cika ya malale fadama, in ya janye a shuka a kan danshinsa ba tare da an ɗebi ko guga ɗaya ba. Ni da na sha zuwa dam ɗin Jibiya yawon buɗe ido da ɗalibai, ban taɓa tambayar kaina ina ruwan yake nufa ba kafin a tare shi.

Washegari muka kama babbar hanyar yamma, ta Tsibirin Gobir da Gidan Rumji. Abin da ya riƙe mini ido shi ne itatuwa a tsakiyar gonaki, gawo da kalgo da sabara da aduwa, ba dasa su aka yi ba, tofon kututture ne aka daina sarewa aka riƙa yi masa aski. Sassaben zamani suke ce masa. Kawu dai barci ya yi ta yi har Madawa.

Nan na fara gane cewa Galmi suna ne kawai ya bi ta. Albasar da ake kira ta Galmi, mai ruwan hoda da ɗan shuɗi-shuɗi, mai yajin da ke sa mutum hawaye tun daga nesa, yawancinta a kwarin Tarka da na Majiya ake noma ta, ƙauye bayan ƙauye. Wani direban babbar mota ne ya haɗa mu da mai masaukinmu a wani ƙauye cikin kwarin Tarka, mutum ne da zai yi shekara sittin, siriri, mai ƙarancin magana sai in an zo kan ruwa. Lambu a bakinsu garka ne. Ko hutawa ba mu yi ba ya ce mu je garka kafin rana ta yi sanyi.

Daga kan tudu in ka duba, sai ka rantse babu abin da zai rayu a wurin: duwatsu jajaye, ƙasa ta ƙone, awaki na lasar ƙaya. Kana gangarawa kwari sai ƙarar injuna ta tare ka ta ko'ina, ga ƙamshin lawashi. Babu kogi, babu dam, babu magudanar gwamnati. Kowace garka da rijiyarta, kuma rijiyar ba wata aba ba ce illa bututun roba mai faɗin tafin hannu da ya leƙo daga ƙasa. Samari huɗu ko biyar ke haƙa ta da hannu, suna murza ƙarfe mai baki kamar dunƙule suna ciro yashi, in an dace yini ɗaya an gama. A zura bututu, a ɗaura inji, ruwa ya fito. Hausawa suka ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar nan ba.

Amma injin nasa ba a bakin rijiya yake ba. A cikin rami yake, ramin da ya fi tsayin mutum, har da 'yan matakala da aka sassaƙa a jikin bango. Kawu ya tambaye shi ko tsoron ɓarayi ne. Ya girgiza kai. Irin wannan inji, in ruwa ya yi nisan da ya wuce kamar mita bakwai zuwa takwas, ba ya iya zuƙo shi, ko sabo ne dal. To in ruwa ya gudu ƙasa, sai kai ma ka bi shi da injin. Ya shiga 'yar bukkarsa ya fito da wata igiya da dutse ɗaure a bakinta, jikinta duk ƙulli. Kowace shekara, in an gama cire albasa, yakan zura ta cikin bututun, in dutsen ya taɓa ruwa sai ya ƙulla daidai bakin bututun. Ya shimfiɗa mana ita a ƙasa. Wasu ƙullin sun matso kusa da dutsen, na shekarun da damina ta yi kyau ke nan. Amma in ka bi su gaba ɗaya, nesa suke ta yi.

"Da mu goma ne ke sha a nan," in ji shi. "Yanzu ku saurara ku ji."

Muka yi shiru. Ban iya ƙirga injunan da ke kuka ba.

Tarihin garkar duk yana nan zube a gefen bukka, kamar an ajiye don baƙi. Ga tsohuwar rijiyar siminti ta mahaifinsa, wadda aka gina bayan farin 1984, lokacin da shugaban Nijar Seyni Kunce ya matsa wa jama'a su rungumi noman rani. Yunwar shekarar nan har suna gare ta a can, El Buhari suke ce mata, don ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, hatsi ya daina shigowa. Da ya faɗi sunan sai ya dube mu ya yi murmushi, mu kuma muka sunkuyar da kai karo na biyu a tafiya ɗaya. Da guga da ƙwarya aka yi ta ban ruwa a wannan rijiya, komi ɗaya bayan ɗaya, daga asuba har hantsi. Gefenta ga wani famfon ƙafa ya yi tsatsa, irin wanda ake takawa kamar ana hawan tsani, sunansa Niyya da Ƙoƙari. Wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba, in ji shi, don in babu ɗayan biyun ba ka kai azahar a kansa. Sannan aka shiga zamanin ƙananan injuna 'yan Caina masu araha, mutum ɗaya ya iya shayar da abin da da sai gida guda sun taru.

Inji kuwa da abincinsa. Shekara da shekaru man Najeriya suke sha, wanda ake tsallakowa da shi a jarka ana sayarwa a kwalabe bakin hanya, ruwa-ruwa suke ce masa. Ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai a Abuja, har cikin wannan kwari maganar ta faɗo. Shi ya sa yanzu in ka leƙa ramuka da yawa za ka ga tukunyar gas ta girki a gefen inji, an sauya masa 'yar na'ura yana shan gas maimakon fetur, tunda matatar Damagaram da ta fara aiki a 2011 tana fitar da shi. Kawu ya tsuguna ya fi minti goma yana leƙen yadda aka haɗa tiyon. Can nesa kuma akwai garka biyu masu farantan sola, babu ƙara babu hayaƙi. Na ce ai wannan ita ce mafita. Mai masaukinmu ya ce haka ne, ga mai kuɗin saye. Ya ƙara da cewa wanda ba ya biyan kuɗin mai ba ya kashe famfo, tun fitowar rana har faɗuwarta ruwa na zuba, kuma tafki ɗaya muke sha a ƙarƙashin ƙasa. Ban sami abin cewa ba.

Da dare aka kawo tuwon gero da miyar kuka, muka ci a tsakar gida. A nan ne na yi tambayar da ta fi kowace wauta a tafiyar. Na ce, "Baba, da wannan albasa haka ai ku kun yi bankwana da yunwa." Ya ajiye loma ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin tuwon albasa?"

Sai ya yi mana lissafi, kuma duk da damin gero ya yi shi. Geron da ya noma da damina, a gonar tudu, in shekara ta yi kyau yakan kai gidan wata shida ko bakwai. In ta ƙi, wata uku. Sauran watannin albasa ce ke cike su, amma sai ta bi ta kasuwa ta zama kuɗi, kuɗin ya zama gero. Matsalar ita ce kowa a watan Maris da Afrilu yake cirewa, kasuwa ta cika ta batse, farashi ya faɗi warwas. Wanda ya iya haƙuri ya ajiye zuwa damina ko bayanta, buhun nan zai iya ninka kuɗinsa sau uku ko fiye. Amma wa zai iya haƙurin? Wanda ya ci bashin mai da taki da kuɗin 'yan dashe tun Disamba, mai bashi na tsaye a bakin garka ranar cira, buhunansa a hannu. Sau da yawa ma mai bashin shi ne mai sayen, shi zai faɗi farashi. Ga gero kuma, lokacin da albasa ke arha shi yake fara hawa. Sai mutum ya sayar da arha ya sayi tsada, ya yi aikin wata biyar ya tashi da abin da bai kai shi girbi ba.

Da safe ya nuna mana rudu. Bukka ce ta kara da ciyawa, an ɗaga ƙasanta a kan duwatsu da itace don iska ta riƙa ratsawa, a ciki ake zuba albasa bayan ta sha iska wuyanta ya bushe. Duk 'yan kwanaki sai an shiga an tsince wadda ta fara ruɓa, in ba haka ba ta ja 'yan uwanta. Wani kaso zai lalace ko an yi yaya, wani ya tsotse ya rage nauyi. Duk da haka, a ƙauyen nan in kana son sanin gidan da ba a kwana da yunwa a watan Agusta, ba girman garka za ka duba ba, rudu za ka ƙirga. Shi yana da uku. Maƙwabcinsa da ya fi shi fili ba shi da ko ɗaya, don tun albasar na ƙasa ya cinye kuɗinta.

Akwai kuma waɗanda lissafin nan bai ma shafe su ba, sai daga gefe. Mata da 'yan mata ne cike da garka ranar cira, suna yanke lawashi, a sallame su da ƙananan albasa da ganyen. Ganyen nan su daka, su dunƙula, su shanya, ya zama gabu, a sa a miya har shekara ta zagayo, a kai saura kasuwa. Uwar gidan mai masaukinmu tana da 'yan komaye nata a ƙarshen garka inda ruwa ke tsiyaya: kabeji, salak, tumatir, tattasai, yakuwa, da layin dankali. Babu wanda ya ambace su da ana lissafin dare, alhali a iya ganina su ne kaɗai abin da ke fita daga garkar nan ya shiga tukunya kai tsaye ba tare da ya gaisa da dillali ba. Sannan ga samarin da iyayensu ba su da ko taki ɗaya a kwari. Su noman rani bai hana su cin rani ba. Ko su yi ƙwadago a garkar wani, ko su tafi bida, Legas ko Abijan ko Libiya, su bar tsofaffi da mata. Masu rubuta rahoto kan so su ce ban ruwa ya kori yunwa daga wuri kaza. Abin da na gani shi ne ya kore ta daga wasu gidaje, ta koma maƙwabta.

Galmi kanta ba ta da girman sunanta. Gari ne a bakin kwalta, da asibitin mishan da ya daɗe tun 1950, da dam ɗinsa a bayan gari. Amma buhunan albasa sun yi ganuwa hagu da dama, kowanne an cika shi har ya wuce baki an ɗinka masa hula. Manyan motoci na jere ana lodi, wannan ta Akara, wannan ta Abijan, waccan ta Kwatano. Wani yaron mota Bahaushen Kumasi ya ce mana tun da aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie ta Akara a 2021 aka mai da su Adjen Kotoku, can bayan gari suke saukewa. Na tsaya ina kallon hular buhunan nan. Da buhu ake ciniki, ba da sikeli ba, hular kuwa kyauta ce manomi ke bayarwa ko yana so ko ba ya so.

Irin da muka zo nema ba a kasuwa muka saya ba. Mai masaukinmu ya haɗa mu da surukinsa, wanda ya kai mu wata 'yar garka can gefe, nesa da sauran, cike da fararen furanni masu kamar tulluwa, ƙudan zuma na ta shawagi. Ya ce iri aikin shekara biyu ne. Bana ka zaɓi kawunan da suka fi kyau da launi, ka ajiye su a rudu, baɗi ka yanke samansu ka sake binnewa, su yi fure su ba da iri. Kuma dole a nisanta su da farar albasa, don zuma ba ta san ta Galmi da wadda ba ta Galmi ba, duk inda ta ga fure sauka take. Kawu ya dube ni, na dube shi. Wato mai yiwuwa ma masu rantsuwar nan na kasuwa ba duka ne maƙaryata ba. An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ashe wani lokaci halin maƙwabciya take ɗauka.

Mutumin ya ɗebo na bana da ya riga ya bushe, ya zuba kaɗan a ƙwaryar ruwa. Yawanci suka nutse, 'yan ƙalilan suka taso, ya kwashe su ya zubar. Ya ja wa Kawu kunne kada ya bar shi ya shekara biyu, irin albasa ba ya daɗewa, kuma kada ya ajiye shi inda zafi ko danshi zai same shi. Aka yi ciniki da dala, ni ina fassarawa zuwa naira a zuci ina jin zafin abin. Kwalba biyu muka saya. Kawu ya naɗe su a cikin rawaninsa na ajiya ya tura ƙasan jaka.

Mun ƙarasa Ƙonni don kada a ce mun zo kusa ba mu gani ba. Filin ban ruwanta ya haura hekta dubu biyu, madatsun Mozage da Zango ne ke ba shi ruwan Majiya, wadda ita kuma in ta wuce sai ta tsallaka Najeriya ta ƙare a tafkin Kalmalo kusa da Illela. Wato a nan su ne a sama, mu ne a ƙasa. Na so a ce dattijon Jiratawa na kusa in rama. Na ba da shawarar mu shiga ta Illela mu bi Sakkwato, Kawu ya ce shi da hanyar Zamfara sai dai a labari, muka juyo ta inda muka fito.

Kwana biyu da dawowarmu na je gaishe shi, aka ce yana fadama. Na same shi ya sa yara suna kafa duwatsu a da'ira, ga tarin kara a gefe, Inna kuma ta aiko a tambaya ko akurkin kaji ne yake ginawa a daji. Bai ba da amsa ba. Igiyar guga ce a hannunsa, ya ɗaura mata dutse, yana zura ta a rijiya a hankali. Da dutsen ya taɓa ruwa, ya sa babban yatsa ya danne igiyar daidai bakin rijiyar.

"Malam," ya ce, "zo ka riƙe mini nan in ƙulla."